Karatun yara a gida, da yaron da ke kuka in ya ga fensir

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. An yi wa maigidana canjin wurin aiki. Makarantar da ke kusa da inda muka sauka aji ɗaya ya haura yara ɗari, mai dama-damar kuma tana da nisa, kuɗinta ma ya fi ƙarfinmu a bana. Shi ne muka ce in riƙa koya musu a gida zuwa baɗi. Su uku ne: babbar 'yar shekara 9, namiji ɗan shekara 6, sai auta mai shekara 4. Da yamma suna zuwa Islamiyya. Ina zaunar da su daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 1, amma kullum da faɗa ake tashi. Namijin kuwa da ya ga fensir sai kuka, b takan koma masa d, wani lokaci ma daga dama yake faro layi. Yaya zan tsara yinin, kuma ta ina ake fara koya wa yaro rubutu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su, ya sa musu albarka. Na daɗe ina koyarwa a firamare, yawanci tsakanin aji ɗaya da aji uku, amma sai a 2020, da aka rufe makarantu tun watan Maris saboda korona, na zauna da nawa yaran a tsakar gida wata da watanni, sannan na gane ashe aji daban, gida daban. Abin da zan faɗa miki daga waɗannan wurare biyu na samo shi.

Ki fara da rage lokacin. Awa biyar ta yi yawa ƙwarai, kuma ita ce rabin faɗan da kuke yi. Mun saba ganin yaro ya fita ƙarfe 7 da rabi ya dawo bayan azahar, sai mu ɗauka duk wannan lokaci karatu yake yi. Ki tambayi kowace malama ta faɗa miki gaskiya: a cire layin safe, a cire kiran suna, a cire tara, a cire rabon faɗa da neman alli da jiran na baya su gama kwafe allo, abin da ya rage wa yaro ɗaya na kulawar malama ido da ido bai taka kara ya karya ba. Ke kuwa yara uku gare ki a kan tabarma ɗaya. Minti goma da za ki yi da ɗanki kai da kai ya fi masa darasi guda a ajin yara ɗari. A ganina awa ɗaya ta ishi ɗan shekara 6, ita ma a yanka ta gida uku ko huɗu. Babbar ta yi awa biyu. Auta kuwa ba ta da darasi, wasa ne aikinta, sai dai ta yi shi kusa da ku.

Na biyu, kada ki ɗaure karatun da agogo. A gidan Bahaushe agogo ba ya cin nasara: baƙuwa za ta yi sallama, mai ruwa zai buga ƙofa, za a kawo wuta ki tashi ki yi guga ko markaɗe kafin a ɗauke. Ki ɗaure shi da abubuwan da ba sa tashi, wato salla da abinci. Ga yadda muka yi a gidana, kuma har yau ita ce shawarar da nake ba iyaye. Bayan asuba a yi tilawa da haddar Islamiyya, tunda lokacin kai na sanyi. Sai shara da wanke-wanke da wanka da karin kumallo. Da an sauke kwanukan kalaci sai a shimfiɗa tabarma, wuri ɗaya kullum, a ɗauko kwando ɗaya da ke ɗauke da komai: littattafai, alli, tsumman goge allo, da fensiran da aka feƙe tun daren jiya. Wannan feƙe fensir da dare ƙaramin abu ne, amma na sha ganin safiya guda ta lalace a neman reza. Ki buɗe da karanta musu labari da baki, su ukun tare, minti goma. Daga nan ki ba babbar lissafin da za ta iya yi ita kaɗai, ki ba auta tire da yashi ko murafen kwalba ta jera, ke kuma ki juya ga namijin a yi rubutu tun ƙarfinsa na nan. In ya yi minti goma sha biyar ki sallame shi ya je ya yi tsalle-tsallensa, ki koma kan babbar. Da hantsi ya ɗaga a tashi a ɗora girki, kuma girkin ma darasi ne: gwangwani nawa na shinkafa, tumatir nawa za a raba gida biyu. A dawo a yi zama na biyu gajere, lissafin namijin da Turancin babbar. Kafin ƙarfe 11 a naɗe tabarma, ko an gama ko ba a gama ba. Yaran da za su je Islamiyya da yamma suna bukatar wasa da barcin rana, in ba haka ba can za su je su yi gyangyaɗi a gaban malam.

Da bazara, lokacin da zafi ke saukowa tun ƙarfe 9, ki matso da komai gaba. Da hunturu ki bari rana ta fito, don yatsun da sanyi ya ƙandarar ba sa riƙe fensir. Da azumi ki rage rabi. Juma'a kuma kada a buɗe sabon abu, a yi bitar mako, a yi zane, a tashi da wuri.

To, mu zo kan mai kukan, don a nan na fi so mu daɗe. Ruwa ba ya tsami banza. Idan muka ce wa yaro "rubuta", mu a wurinmu aiki ɗaya ne, shi kuwa kaya ne aka haɗa masa niƙi-niƙi. Dole yatsunsa su riƙe fensir su juya shi, dole kunnensa ya ware sautukan da ke cikin kalma ya tuna baƙin kowanne, dole kuma ya san abin da zai ce. Ga layi da aka ce kada ya tsallake, ga uwa tsaye a kansa. Kafin ki gyara, sai kin gano wanne ne ya fi danne shi.

Ki duba hannun tukuna. Ki ba shi fensir ki zuba ido, kada ki ce komai. Yana damƙe shi ne kamar muciya? Yana dannawa har rubutun ya fito a bayan takarda? Yana yarfe hannu bayan layi biyu? In haka ne hannun bai nuna ba, kuma ba laifinsa ba ne. Yara da yawa, musamman maza, haka suke a wannan shekara. Maganinsa yana cikin madafinki: ya ɓare gyaɗa, ya tsince wake, ya mulmula fura ko ƙuli-ƙuli, ya gina motar laka, ya zura zare a dutsen wuya, ya taya ki matse wanki. Ki yanka masa fensir gida biyu, don guntun fensir shi ke tilasta wa yaro riƙo da yatsu uku, dogon kuwa sai ya runguma. Kuma ki ɗauke masa takarda na mako biyu ko uku.

A nan ina ganin malaman allo sun riga mu gane wani abu. Ƙolo ba ya fara da riƙe alƙalami. Malam ne ke rubuta masa, shi kuma ya bi da yatsa yana faɗa, babbaƙu tukuna, baƙaƙe zalla, sannan farfaru, inda ake sa musu wasali. Ya daɗe yana kallon hannun malam kafin a ce ya gwada nasa. In ya gwada ɗin kuma a kan allo ne, da manyan baƙaƙe, kuma in ya ɓata ruwa kawai za a sa a wanke. Kuskuren da ake wankewa ba ya ba yaro tsoro. Na takarda kuwa yana nan yana kallonsa, ga jan biro an zagaye shi, gobe ma in ya buɗe littafin shi zai fara gani. Don haka ki sa kafinta ya yanko miki ɗan katako a shafa masa baƙin fenti, ko ki ware wani gefen bango ko siminti. Ya rubuta da alli, da gawayi, da yatsa a cikin yashi, da jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, baƙi ɗaya ya kai girman tafin hannunki. Sai hannun ya san hanyar baƙin sannan a ƙanƙanta shi a kai shi littafi mai jan layi da shuɗi.

Batun b da d kada ya hana ki barci. Duk abin da yaro ya sani a duniya, in aka juya shi sunansa bai canza ba: buta buta ce ko bakinta na kallon gabas ko yamma. Sai a rubutu ne kawai aka ce masa in cikin ya koma hagu wani abu ne daban. Yara da yawa kan yi ta juya su har wajen shekara 7 zuwa 8, sannan ya wuce. Abin da ke taimakawa shi ne a raba su. Ki koya masa b ita kaɗai har ta zauna, sai bayan makonni a kawo d. Kuma kowace da hanyarta, kina faɗa yana yi: b, "sanda tukuna, sannan ciki", d, "ciki tukuna, sannan sanda". Ita d 'yar ɗakin su c da a da g da o ce, duk da lanƙwasa ɗaya ake faro su, to ki koya su tare. Sai waɗannan biyu sun tsaya da ƙafarsu za ki kawo ɓ da ɗ, ki ce masa b ce da d suka sa hula. Farawa daga dama kuwa shaida ce cewa karatun Islamiyya yana shiga. Yaro ne ke koyon rubutu iri biyu masu hanya biyu a lokaci guda, kuma abin alfahari ne. Ki ɗiga masa koren ɗigo a farkon kowane layi ta hagu, ki ce "motar boko daga nan take tashi". Kada dai a haɗa boko da Larabci a zama ɗaya; wannan da safe, wancan da yamma.

Sai kunne. Ina roƙonki ki fara masa da Hausa, ko da burinku Turanci ne. Na san iyaye da yawa ba sa son jin wannan, gani suke ɓata lokaci ne. Amma ki duba: rubutun Hausa na boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma in yaro ya san m da a ya samu ma, in ya maimaita ya rubuta mama da kansa. Turanci ba haka yake ba, baƙi ɗaya sai ya yi sauti uku, kuma yaron bai ma san ma'anar kalmar ba balle ya ji daɗin kama ta. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta ce a fara wa yaro karatu da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, kuma shirye-shiryen koyar da karatu da aka yi a baya-bayan nan, irin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, duk da gaɓoɓin Hausa suka fara. Yaron da ya gane sirrin haɗa baƙi da wasali a harshensa, da shi zai tsallaka Turanci, ba sai ya sake koyonsa ba. Turancin kuwa a yanzu ya riƙa jinsa da baki, a waƙa da gaisuwa da sunayen kayan gida.

Ki kula da wani tarko. Waƙar nan ta "e, bi, si, di" sunayen baƙaƙen Turanci take koyarwa, ba sautinsu ba. Na sha karɓar yara da suka haddace ta tsaf, amma in na rubuta baba sai su ce "bi, e, bi, e" su tsaya suna kallona. Ki koya masa sauti: a yadda take a ayaba, i yadda take a ido. Kuma ba dole ba ne a bi jeri daga a zuwa z. Ki fara da waɗanda za su ba shi kalmomi da wuri, kamar a, m, k, n, i. Da waɗannan biyar kaɗai zai rubuta mama, kaka, nama, kai, mai, kana, nan. Ku riƙa tafa gaɓoɓi kafin a rubuta: ta-bar-ma tafi uku, a-ku-ya tafi uku. Tagwayen baƙaƙe irin sh da ts da kw da gy su jira sai can gaba.

Abin da na fi so ki riƙe a duk wannan amsa shi ne na ƙarshen, wato abin da zai ce. Mafi yawan abin da muke kira rubutu a makarantunmu kwafe ne. Yaro ya cika shafi da jimlar da ba tasa ba, sau ashirin, bai san wa zai karanta ba, bai san amfaninta ba. Babba ma aka sa shi haka zai gaji. Ɗana na biyu, a wancan zaman na korona, shi ma haka yake, da ya ga littafi sai ya ce ciki na ciwo. Wata safiya ina shirin ba babansu saƙon cefane, hannuna duk ƙullu, sai na ce masa ya taimake ni ya rubuta kada baba ya manta. Ya zauna a bakin murhu da bayan kwalin shayi, harshe a waje, ya fi minti goma. Ya rubuta "albsa", ya rubuta "mnja", attaruhu kuwa ya fito "ataru". Na ga kurakuran, bakina har ya buɗe, sai na haɗiye. Babansu ya karɓa ya karanta da ƙarfi a gabansa, ya ninke ya sa a aljihu. Da ya dawo yaron ne ya tare shi a zaure, ya zazzage ledar yana dubawa yana duba kwalinsa, ga albasa, ga manja, ga attaruhu. Ya ɗago ya ce, "Umma, duk abin da na rubuta ya sayo." Daga ranar shi ne magatakardan cefane a gidan, kuma wasulan da yake tsallakewa da kansu suka riƙa dawowa, don shi ya fara tambaya, yana tsoron kada a sayo abin da ba shi ba.

Ki nema wa naki irin wannan aiki. Ya rubuta sunan kowa a manna a kofinsa. Ya rubuta wa babansa 'yar takarda a sa ƙarƙashin faranti. Da dare in an yi tatsuniya, "ga ta nan ga ta nanku", washegari ki ce ya maimaita miki abin da Gizo ya yi wa Ƙoƙi, ke ki rubuta da bakinsa, yadda ya faɗa, ba gyara. Ki karanta masa kina bi da yatsa, ya ji maganarsa ce ta koma baƙaƙe. Sannan ya zaɓi jimla ɗaya, ɗaya tak, ya kwafa ya yi mata zane. Kwafen da yaro ya yi na maganar kansa ba ɗaya yake da kwafen allo ba.

Game da gyara, ina da abin da nake nadama a kai. A farkon aikina na ɗauka malamar kirki ita ce wadda ba kuskuren da ke tsallake mata. Akwai wata yarinya a aji uku mai surutu da labari, ta rubuto min shafi guda kan haihuwar akuyarsu. Na bi shi da jan biro baƙi-baƙi, har jan ya fi nata rubutun yawa. Daga ranar ba ta ƙara rubuta min fiye da layi biyu ba, kuma layi biyun ba kuskure, don kalmomin da ta tabbatar da su kawai take sawa. Har ta bar ajina ban iya dawo da ita ba. Saboda haka in babbar taki ta kawo miki rubutu, ki fara karanta shi a matsayin mai son jin labari. Ki tambaye ta, "To daga nan sai me ya faru?" Sannan ki zaɓi abu ɗaya a gyara a wannan makon, sauran ki kau da kai. Wannan mako aya da babban baƙi. Mako mai zuwa ƙugiya, ki nuna mata da misali cewa baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kasa daban ƙasa daban. Wani makon rabawa da haɗawa: yana a haɗe, shi ne a rabe, gidansu a haɗe. A ranar Alhamis ki yi mata shifta ta jimla biyu ko uku kan abin da kuka gyara. Sau ɗaya a mako ta rubuta wa kakarta ko gwaggonta wasiƙa, a ɗauki hoto a tura, a roƙe su su amsa ko da da murya ce. Kuma ke ma ki kula da naki rubutun a waya, don suna leƙawa. In suna ganin "xan xo" a WhatsApp ɗinki, da wuya su yarda cewa ƙa'ida tana da muhimmanci.

Auta kada ki hana ta in ta ce ita ma za ta yi, ki ba ta alli ta yi ta zane-zanenta, in ta ce wasiƙa ce ki tambaye ta me ta ce. Amma kada ki zaunar da 'yar shekara 4 cika layi. In kuma kin lura ɗaya daga cikinsu bahago ne, ki bar masa hagunsa a rubutu. Cin abinci da dama tarbiyya ce da za a koya masa a hankali, amma duka a kan fensir ba abin da yake haifarwa sai tsanar karatu. Ki karkata masa takardar kawai, ki zaunar da shi inda gwiwar hannunsa ba za ta bugi ta wani ba.

Akwai lokacin da haƙuri kaɗai ba ya isa. In yana manna fuska a takarda, ko yana ƙanƙance ido, ko yana yawan ciwon kai, a kai shi a duba ido. In sai an maimaita masa magana, ko kunne ya taɓa yi masa ruwa, a duba kunne. In kuma an yi wata shida ana yi kullum a hankali amma sautin baƙaƙe ba ya zama, jiya ya sani yau kamar bai taɓa gani ba, a nemi likitan yara ko malamin da ya karanci ilimin masu bukata ta musamman.

Tunda kun ce zuwa baɗi ne, kada ku yanke hulɗa da makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, kuma babbar taki ta kusa kai wa jarrabawar shiga sakandare. Maigida ya je ya gaisa da hedimastan makarantar da kuke son mayar da su, ya nemi jerin darussan zangon da sunayen littattafan ajinsu, ya tambaya ko za a bar su su riƙa zuwa rubuta jarrabawar ƙarshen zango. Ke kuma ki sa kwanan wata a kan kowane shafi, ki adana littattafan da suka cika a leda guda, don ranar da za a gwada su a sa su aji, su ne shaidarki. Shafin da namijin ya yi a wannan makon, mai juyayyun b ɗin da tabon hawaye, shi ma ki sa masa kwanan wata ki ajiye. In an yi wata biyu ki ɗauki hotonsa tare da sabon, ki turo min in gani, sai mu san ko lokacin littafi mai layi ya yi.